Orvar Bergmark: Lamba Biyun Suwidin Da Ya Buga Wasa 94 Bai Ci Ko Ɗaya Ba

Duk inda masu son ƙwallo suka zauna a zango aka ɗauko hirar wasan ƙarshe na kofin duniya na 1958, sunan Pele ne ke fara fitowa. Yaro ɗan shekara 17, ya ci biyu, aka tashi ya fashe da kuka a kafaɗar golansu. Wanda ya ɗan ƙara sani sai ya kawo Garrincha da Didi da Vava. To amma fa Birazil ba ita kaɗai ta shiga fili ran nan ba. Akwai wasu mutum goma sha ɗaya sanye da riga ruwan ɗorawa, masu masaukin baƙi, su ne ma suka fara jefa ƙwallo a raga. A cikinsu akwai mai lamba biyu a gadon baya, Orvar Bergmark. Tarihinsa za mu bi yau.

Mutumin nan ya buga wa ƙasarsa wasa 94 daga 1951 zuwa 1965, kuma ko sau ɗaya bai ci ƙwallo ba. Duk da haka, a shekarar da Suwidin ta kai matsayin da ba ta taɓa kaiwa ba, kuma har yau ba ta sake kaiwa ba, shi aka zaɓa gwarzon ɗan ƙwallon ƙasar. Duk malamin da ya taɓa raba yara gida biyu a filin makaranta ya san rigimar da ake sha: kowa lamba tara yake so ko lamba goma, baya kuwa sai a tura wanda aka raina. Labarin Bergmark na irin waɗannan yaran ne da ake turawa baya.

An haife shi ranar 16 ga Nuwamba, 1930, a Bureå, wani ƙaramin gari na masu aikin katako a bakin teku, can arewacin Suwidin kusa da birnin Skellefteå. Wuri ne da a tsakiyar shekara dare ba ya ko yin duhu sosai, a ƙarshen shekara kuma rana leƙowa kawai take yi ta koma. 'Yan'uwanmu da ke azumi a waɗannan ƙasashe sun san abin da nake nufi. Ƙanƙara kan rufe ƙasa wata da watanni, saboda haka yaron da ya tashi a can ba zai yi ƙwallo shekara cur ba ko da yana so. In sanyi ya kama sai a koma wani wasa da suke kira bandi.

Bari mu ɗan tsaya a kan bandin nan, don rabin rayuwar Bergmark a cikinsa take. Ɗauki filin ƙwallon ƙafa yadda yake, ka malala masa ruwa ya daskare ya zama ƙanƙara. 'Yan wasa goma sha ɗaya kowane ɓangare, har da gola, minti 45 sau biyu, akwai satar gida, akwai bugun kwana. Bambancin shi ne kowa na sanye da takalmi mai ƙarfe a ƙasa yana sulɓi, riƙe da sanda mai lanƙwasa a baki, suna kora wata 'yar ƙwallo da ba ta wuce girman lemo ba. Gudun da ake yi ya ninka na ƙafa nesa ba kusa ba. Bergmark ya ƙware a wannan wasa har ya buga wa ƙasarsa. Yana cikin tawagar Suwidin a wasannin Olamfik na lokacin sanyi da aka yi a Oslo a 1952, inda aka sa bandi a matsayin wasan nuni. Ƙasa uku ce ta shiga, Suwidin da Norwe da Finlan, kowacce ta ci wasa ɗaya aka ci ta ɗaya, Suwidin ta zo ta farko da yawan ƙwallaye. A ganina nan ne ya koyo abin da aka san shi da shi daga baya. Wanda ya saba tare mutum mai sulɓi a kan ƙanƙara dole ya iya karanta inda ƙwallo za ta kafin ta tafi, don in ya bari aka wuce shi babu kamowa.

Tun yana saurayi ya gangaro kudu zuwa Örebro, birnin da ke kimanin kilomita 200 yamma da Istokholm, ya shiga kulob ɗin Örebro SK. Kulob ne mai ƙarfi a bandi, don ya ɗauki kofin ƙasar sau biyar tsakanin 1955 da 1967. A ƙwallon ƙafa kuwa matsakaici ne, har yau bai taɓa cin gasar lig ta Suwidin ba. Bergmark ya kuma buga wa AIK ta babban birni, amma Örebro ce gida, can yake komawa.

Sai mun fahimci yadda ƙwallon Suwidin take a wancan zamani kafin mu gane darajar abin da ya yi. Hukumar ƙwallon ƙasar ta riƙe doka da ƙarfi cewa ƙwallo wasa ce ta sa-kai. Ba a biyan ɗan wasa albashi. Da safe ya je aikinsa, ofis ko masana'anta ko gidan kwana-kwana, da yamma ya zo atisaye. Wanda kuma ya karɓi kuɗin wani kulob na waje ya mai da ƙwallo sana'a, to ya yi sallama da rigar ƙasa. Da wannan tsari Suwidin ta ci zinare a Olamfik na Landan a 1948 a hannun wani koci Bature ɗan Ingila, George Raynor. Ba a jima ba AC Milan ta kwashe taurari uku, Gunnar Gren da Gunnar Nordahl da Nils Liedholm. Raynor ya sake haɗa wasu, ya tafi da su Birazil a 1950, suka doke Italiya 3-2, suka zo na uku a duniya. Italiyawa suka sake buɗe jaka suka sayi mafi yawansu. Abin ya yi kama da abin da muke gani a nahiyarmu yau, inda da zarar yaro ya nuna ƙafa sai a ji shi a Turai, sai dai mu namu suna dawowa su buga wa ƙasa, su kuwa nasu an rufe musu ƙofa.

Wannan zubewar ce ta buɗe wa matasa irin su Bergmark hanya, ya fara buga wa ƙasa a 1951 yana ɗan shekara ashirin. Amma ƙasar ta ɗanɗana kuɗarta. Beljiyam ta doke ta gida da waje, aka yi kofin duniya na 1954 babu ita. Da aka ba Suwidin baƙuncin gasar 1958, manyan hukumar suka ga in suka ci gaba da taurin kai za su sha kunya a gaban baƙi. Dole uwar na ƙi, aka sassauta doka, aka kira 'yan Italiya gida: Liedholm daga Milan, Lennart Skoglund daga Inter, Kurt Hamrin daga Padova, Bengt Gustavsson daga Atalanta, da Arne Selmosson daga Lazio. Gren ya riga ya dawo gida, yana da shekara 37, shi ma aka sa shi. Aka kuma dawo da Raynor.

Ka ga ke nan tawaga ce mai gauraye: masu cin abinci da ƙwallo a gaba da tsakiya, 'yan sa-kai na gida a baya. Gola Kalle Svensson, Bergmark a dama, Sven Axbom a hagu, Gustavsson a tsakiyarsu. Aikin lamba biyu a lokacin ba irin na yanzu ba ne da za ka gan shi ya ruga gaba yana kwaso ƙwallo. Aikinsa guda ne, ya manne wa lamba goma sha ɗayan abokan gaba, ya hana shi sakat. Kuma ba a canjin ɗan wasa, in ka ji ciwo ko dai ka ɗingisa har a tashi ko 'yan'uwanka su ƙarasa su goma. Ga mai mamakin yadda mutum zai yi wasa 94 bai ci ba, amsar ke nan. Ba a aike shi can ba.

Ranar 8 ga Yuni suka buɗe gasar a filin Råsunda da Meziko, suka ci 3-0. Suka doke Hangari 2-1, Hamrin ne ya ci duka biyun. Wasa na uku da Wales aka tashi babu ci, Raynor ya hutar da 'yan gabansa amma ya bar bayansa yadda yake. Zuwan Wales ɗin ma akwai labari a ciki da ya shafe mu. An riga an fitar da ita a wasannin share fage. Sai ƙasashen da aka haɗa da Isra'ila a ɓangaren Afirka da Asiya suka ƙi buga wasa da ita ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshensu Sudan. Hukumar FIFA ta ce ba za a shiga gasa ba tare da an buga ko wasa ɗaya ba, aka yi ƙuri'a, Wales ta samu, ta doke Isra'ila 2-0 gida da waje. Haka aka yi kofin duniya na 1958 babu ƙasar Afirka ko ɗaya, ga kuma John Charles na Juventus, ƙaton Wales, yana kokawa da su Bergmark a Råsunda.

A zagaye na gaba Tarayyar Sobiyat, da shahararren golanta Lev Yashin, ta sha 2-0. Sai wasan kusa da na ƙarshe a Gothenburg ranar 24 ga Yuni da Jamus ta Yamma, mai riƙe da kofi. Wannan wasa ya bar tabo. An shigo da masu jagorantar ihu har cikin fili da tutoci kafin a fara, 'yan kallo suka rikice, Jamusawa suka ji kamar an kai su mahauta. Hans Schäfer ya fara ci wa Jamus. Skoglund ya farke, ko da yake Jamusawa sun yi ta ƙorafin Liedholm ya taɓa da hannu kafin nan. Bayan hutun rabin lokaci ɗan bayan Jamus, Erich Juskowiak, ya rama shurin da Hamrin ya yi masa, alƙalin wasa ɗan Hangari ya kore shi. Sigge Parling kuma ya yi wa Fritz Walter wata muguwar shiga da ta bar shi yana jan ƙafa. Gren ya ci na biyu, Hamrin ya bi layi yana yanka mutane kamar yana yawon shan iska ya ci na uku. Aka tashi 3-1. Don haushi, a Jamus har an samu gidajen mai da suka ƙi sayar wa masu mota 'yan Suwidin mai. Gaskiya Suwidin ta fi wasa ran nan, amma gaskiya kuma alƙalanci bai yi wa baƙi daɗi ba. Duka biyun haka suke.

Abin lura shi ne wasa biyar, ƙwallo biyu kacal aka zura musu. Jaridu na ta yabon Hamrin da Skoglund, amma katangar baya ce ta kai su Råsunda ranar 29 ga Yuni.

An yi ruwa kafin wasan, fili ya jiƙe. Da yake ƙasashen biyu duk ruwan ɗorawa suke sawa, Birazil ce ta canja zuwa shuɗiya. Sarkin Suwidin, Gustaf na shida, yana zaune a wurin, da 'yan kallo kusan dubu hamsin, masu jagorantar ihun nan kuma an hana su shiga fili. Lissafin Raynor shi ne in aka riga Birazil ci za ta rikice, tunda ba a taɓa shiga gabanta ba a duk gasar. Minti huɗu da farawa Liedholm ya yanke mutum biyu ya sa ta a kusurwar raga. Lissafi ya fara daidai. Sai dai Birazil ba ta rikice ba. Didi ya ɗauko ƙwallon daga raga ya taka a hankali zuwa tsakiyar fili kamar babu abin da ya faru.

A nan ya kamata a yi wa Bergmark adalci, a faɗi nasa a faɗi wanda ba nasa ba. Ƙwallaye biyun farko na Birazil duk ta ɗaya gefen suka zo. Garrincha ya wuce Axbom ya miƙo ta ƙasa, Vava ya tura, a minti na 9. A minti na 32 aka maimaita kamar an kwafa. Na uku shi ne wanda duniya ba ta manta ba, Pele ya tare da ƙirji, ya ɗaga ta saman kan Gustavsson, ya zagaya ya doka tun ba ta taɓa ƙasa ba. Mutumin da aka ɗora wa Bergmark shi ne Mario Zagallo, kuma ba irin lamba sha ɗayan da ya saba gani ba ne. Birazil ta zo da sabon tsari na mutum huɗu a baya, biyu a tsakiya, huɗu a gaba, Zagallo kuma ba ya tsayawa a layi, sai ya janye tsakiya ya taimaka, har ma ya cire wata ƙwallon Skoglund da ka daga kan layin raga. In Bergmark ya bi shi ya bar rami a baya, in ya tsaya Birazil ta fi yawa a tsakiya. Ya riƙe shi sama da awa guda. A minti na 68 Zagallo ya kufce masa a cikin da'ira ya ci na huɗu. Agne Simonsson ya rage, sannan dab da tashi Zagallon nan ya sake ɗago wata Pele ya sa kai. Biyar da biyu. Biyu ta gefen Axbom, ɗaya ta tsakiya, biyu ta gefen Bergmark. Babu wanda ya fita da farar riga a bayan Suwidin, babu kuma wata ƙasa a duniya da za ta tare Birazil ɗin ran nan. 'Yan Birazil suka ɗauki ƙatuwar tutar Suwidin suka zagaya fili, 'yan kallo na tafa musu.

A ƙarshen shekara aka zo ba da Guldbollen, wato ƙwallon zinare da ake ba gwarzon ɗan wasan Suwidin tun 1946. Ga Liedholm kyaftin, ga Hamrin da ya ci huɗu, ga Simonsson shi ma da huɗu. Aka miƙa wa Bergmark. Yana da shekara 28.

Bayan gasar 'yan Italiya suka koma inda suka fito, Raynor ya koma Ingila inda babu babban kulob da ya kula shi, aka bar 'yan gida da kaya. Sun kuwa ɗauka. Ranar 28 ga Oktoba, 1959, Suwidin ta je Wembley ta doke Ingila 3-2, Ingilar da ke da Bobby Charlton da Jimmy Greaves da Brian Clough a gaba. Simonsson ya ci biyu, Bergmark na lamba biyunsa. Kafin nan, in aka cire maƙwabtan Ingila na tsibiri, Hangari ta su Puskas ce kaɗai ta taɓa cin ta a wannan fili, a 1953. Amma kofin duniya ya ƙi su. A neman zuwa Chile sun lallasa Suwizalan 4-0 a gida, ta rama 3-2, aka je wasan raba gardama a Balin a Nuwambar 1961 suka sha 2-1. Ƙasar da ta zo ta biyu a duniya ta zauna a gida.

Sai a 1962, yana da shekara 31, ya bi hanyar da abokansa suka bi shekara goma kafin shi. Roma ta ɗauke shi. Ɗan baya ne, a ƙasar da ta fi kowa iya tsaron baya, a kulob da ke cike da baƙi 'yan gaba irin su Manfredini da Angelillo, a lokacin da doka ta ƙayyade yawan baƙin da za a sa a fili. John Charles ɗin nan da suka kara a 1958 shi ma ya iso Roma a wannan kaka. Bergmark bai samu buga wasan kirki ba, 'yan ƙalilan ya yi, ya tattara ya koma gida. Ni dai ina ganin ya makara. Da a 1958 ya tafi, lokacin da sunansa ke bakin kowa, da wata maganar ake. Kuma da ya tafi ɗin, da wuya ya tara wasa 94, don kulob-kulob na Italiya ba sa sakin 'yan wasansu yadda ake yi yanzu.

Ya dawo ya ci gaba da buga wa ƙasa, ya sha ɗaura kambun kyaftin, har 1965, shekarar da Jamus ta Yamma ta zo Råsunda ta ci 2-1 ta hana Suwidin zuwa gasar 1966. A wasan ne wani saurayi mai suna Franz Beckenbauer ya fara buga wa Jamus. Lokacin da Bergmark ya ajiye takalmi babu ɗan Suwidin da ya kai shi yawan wasa.

Bai ko huta ba aka ba shi ƙasar. A da kwamiti ne ke zaɓen 'yan wasa, sai a 1962 aka fara naɗa mutum guda, Lennart Nyman. Bergmark ne na biyu, ya karɓa a 1966 yana da shekara 35, zai shugabanci mutanen da jiya-jiya suke ɗaki ɗaya. A Nuwambar shekarar ya kai su Lisbon suka doke Fotugal 2-1, Fotugal ɗin da watanni kaɗan kafin nan ta zo ta uku a duniya. Shekara ta gaba, 1967, hukumar ta soke dokar sa-kai gaba ɗaya.

Babban aikinsa shi ne kai ƙasar Meziko. An haɗa su da Faransa da Norwe. Suka ci Norwe 5-0 da 5-2, ita kuma Norwe ta yi musu alheri ta je ta doke Faransa 1-0 har gida. Ranar 15 ga Oktoba, 1969, Ove Kindvall ya ci biyu a Råsunda, Faransa ta faɗi 2-0, magana ta ƙare. Tun 1950 rabon Suwidin da ta samu gurbi da guminta, tunda na 1958 kyautar mai masauki ce. Kindvall ɗin nan shi ne ya ci wa Feyenoord ƙwallon da ta ba ta kofin Turai a kan Celtic wata guda kafin gasar, saboda haka mutane suka sa rai da yawa.

Rukunin da suka faɗa kuwa babu sauƙi: Italiya, Yurugai, da Isra'ila. Wasan farko da Italiya a Toluca, gari mai tsawon sama da mita 2,600, inda numfashi ke yanke wa baƙo. Bergmark ya sa gola ɗan shekara 21, Ronnie Hellström. Minti goma da farawa Angelo Domenghini ya buga wata daga nesa, ba wata mai hatsari ba, ta sulale ƙarƙashin yaron ta shige. Aka tashi 1-0. Wannan ita ce ƙwallo ɗaya tilo da Italiya ta ci a wasa uku na rukuni, da ita ta zo ta farko, ta tafi har wasan ƙarshe.

Yanzu sa kanka a matsayin kocin. Yaro ya yi kuskure a idon duniya. Ka bar shi ya gyara, ko ka cire shi ka tsira? Bergmark ya cire shi, ya sa Sven-Gunnar Larsson, golan Örebro, a sauran wasa biyun. Masu kare shi za su ce Larsson ƙwallo ɗaya kawai aka ci shi, kuma wasa uku ba wurin renon yaro ba ne. Ni ban gamsu ba. Duk wanda ya yi koyarwa ya san ranar da yaro ya faɗi a gaban aji ita ce ranar da ya fi bukatar a sake kiran sa allo. Kuma mutumin da Zagallo ya kufce wa a wasan ƙarshe, amma ƙasarsa ta ba shi zinare a shekarar, ai ya fi kowa sanin amfanin a yi wa mutum uzuri. Hellström dai bai karye ba. Ya ci Guldbollen a 1971, ya zama ɗaya daga cikin fitattun gololin gasar 1974, ya sake cin zinaren a 1978.

Amma ba golan ne ya fitar da su ba. Isra'ila ce. Tom Turesson ya ci, bayan 'yan mintoci Mordechai Spiegler ya farke daga nesa, aka yi kunnen doki 1-1. Wannan maki da ya zube ya sa dole su ci Yurugai da tazarar ƙwallo biyu. Yurugai kuwa gwanayen rufe gida ne da ɓata lokaci. Kafin wasan ma sai da aka canja alƙali saboda jita-jitar cin hanci da ta yaɗu. Wannan ce gasar farko da aka yarda da canjin ɗan wasa, Bergmark ya sako Ove Grahn daga benci saura 'yan mintoci, Grahn ya sa kai ya ci a minti na 90. Ɗaya da nema. Babu lokacin neman ta biyu. Maki uku-uku, Yurugai ta wuce da bambancin ƙwallo ɗaya, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe.

Wani abin ikon Allah, a wannan gasa kocin Birazil shi ne Mario Zagallo. Mutum biyun da suka yini suna bin juna a gefen filin Råsunda, ga su bayan shekara goma sha biyu kowanne a bencin ƙasarsa. Ɗaya ya tafi gida bayan wasa uku, ɗaya ya doke Italiya 4-1 ya ɗaga kofi.

Jaridun Suwidin ba su raga masa ba. A ƙarshen 1970 ya bar aikin, Georg Ericson ya gaje shi. Ya koma Örebro ya horar da kulob ɗinsa. Cikin waɗanda ya tafi da su Meziko akwai ɗan baya Björn Nordqvist, shi ne daga baya ya wuce 94 ɗin nan, ya kai wasa 115, adadin da a 1978 babu kamarsa a duniya. Hellström da Nordqvist da Grahn da Bo Larsson, waɗanda suka kai Suwidin zagaye na biyu a Jamus a 1974, duk sun ratsa ta hannunsa.

Wajen 1980, yana kusan shekara hamsin, ciwon Parkinson ya kama shi, ciwon nan mai sa jiki karkarwa, ya ɗaure gaɓoɓi, ya mai da tafiya aiki, irin wanda ya kama Muhammad Ali. Mutumin da ya yi sulɓi a kan ƙanƙara da sanyi, ya bi 'yan gaba da rani, ya rayu da wannan ciwo sama da shekara ashirin. Ya mutu a Örebro ranar 10 ga Mayu, 2004, yana da shekara 73.

Filin Råsunda an rushe shi a 2013. Zagallo ya mutu a Janairun 2024, bayan wata guda Hamrin ya bi shi a Italiya, kuma shi ne na ƙarshe cikin mutum ashirin da biyun da suka buga wasan ran 29 ga Yuni, 1958.